Kwana bakwai a dajin namun daji: mu zaga wuri biyar ko mu zauna a biyu?

Baban_Walid:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa zuwa. Ni da uwargida da ɗanmu mai shekara 11 muna shirin tafiya kallon namun daji a Gabashin Afirka. Kwana bakwai cif ne hutuna, ba ƙari. Wani kamfani a Arusha ta ƙasar Tanzaniya ya turo mini tsari: Tarangire, Tafkin Manyara, Serengeti, Ngorongoro, sannan a tsallaka Kenya a ƙare a Masai Mara. A takarda abin gwanin sha'awa, amma da na buɗe taswira sai jikina ya yi sanyi. Mu karɓa haka, ko mu zaɓi wuri biyu mu zauna mu more? Sai kuma batun makwanci. Tanti ya fi sauƙin kuɗi, amma uwargida ta rantse ba za ta kwana inda yadi ne kaɗai tsakaninta da kura ba.

Mai_Jakar_Baya:
Wa alaikumus salam Baban Walid. Kada ka sa hannu a wannan tsarin. Sunaye aka jera maka don ka ga kamar ka ci riba. Serengeti da Masai Mara daji ɗaya ne, dabbobi na tsallakawa abinsu ba fasfo ba biza, amma kai baƙo ba a barinka ka bi ta cikin dajin ka shiga Kenya. Sai ka fito gaba ɗaya ka zaga ta iyakar Sirari da Isebania, a buga maka hatimi, galibi ma a sauya muku mota da direba. Wuni guda ya tafi ke nan. Daga Arusha zuwa Seronera, tsakiyar Serengeti, awa bakwai zuwa takwas ne, kuma da kun wuce ƙofar Ngorongoro kwalta ta ƙare, saura burji mai gargada. Zauna ka lissafa kwana nawa ya rage maka na kallo.

Sarkin_Sauri:
Ni dai ban yarda ba. Na yi wuri biyar a kwana takwas kuma ban yi nadama ba. Gajiya kam na sha ta, har bayana ya yi sati yana ciwo. Amma yaushe zan sake komawa? Wanda ya tara kuɗi shekara uku ya zo, ka ce masa ya zauna wuri biyu, ya koma gida bai ga Ngorongoro ba? Kowane daji da irin fuskarsa. Tarangire kuka da giwa, Manyara kurmi da birai, Serengeti fili fetal. Hanyar ma ai kallo ce, a kan hanyar ƙofar Naabi muka ga raƙuman dawa sun fi ashirin.

Mai_Jakar_Baya:
Sarkin_Sauri, sunanka ma ya ba da amsa. Faɗa mana gaskiya, sau nawa ka tsaya wajen dabba ɗaya fiye da minti goma sha biyar?

Sarkin_Sauri:
Ai ba hira na je yi da su ba.

Hajiya_Mai_Hoto:
Wannan amsar ta ba ni dariya, amma a nan maganar take. Bari in ba ku labarin damisata. Rana ta uku a Seronera, da sassafe, direbanmu ya tsaya ƙarƙashin wata bishiya a bakin rafi ya kashe mota. Na duba na duba ban ga komai ba. Ya ce in bi reshe na biyu da ido. Sai ga jela tana lilo. Damisa ce ta baje a kan reshe, ƙafafu huɗu a sake, ga barewar da ta kama ta saƙale a sama, kan na reto. Motoci suka zo suka ɗauki hoton jela suka wuce, sun fi goma. Mu muka zauna. Mijina har ya fara gyangyaɗi. Bayan kusan awa biyu ta miƙe, ta yi hamma, ta hau ta fara fige gashin barewar da haƙora tana tofarwa, gashin na saukowa a iska kamar auduga. Can sai ga kura ta zo gindin bishiyar ta zauna, ta ɗaga kai tana jiran abin da zai faɗo. Wani ƙashi ya suɓuce, kafin ya taɓa ƙasa sosai ta cafe, muna jin ƙarar tauna daga mota. Da a ce muna da wani daji da za mu kai kafin a rufe ƙofa, da hoton jela kawai zan dawo da shi kamar sauran.

Baban Walid, shawarata: kwana ɗaya Tarangire, uku ko huɗu Serengeti, ɗaya Ngorongoro. Ka bar Kenya sai wani jiƙon.

Baban_Walid:
Na gode Hajiya. Wannan labarin zan karanta wa yaron. Amma har yanzu ba wanda ya taɓo maganar tanti, kuma ita ce rigimar gidan.

Maman_Ihsan:
Ka ba Maman Walid wayar, da ita zan yi magana. 'Yar'uwa, ni ma haka na ce, har kuka na yi a mota da na ga sansanin Seronera ba katanga ba waya. Daren farko ban runtsa ba. Kura na kuka kamar a bayan kunnena, can nesa kuma zaki na gurnani, wani irin sauti da kike ji a ƙirji kafin kunne. Wajen ƙarfe biyu fitsari ya matse ni. Na buɗe zif kaɗan na haska tocila, sai idanu jere guda shida suna ƙyalli. Na mayar da zif na haƙura har asuba. Da gari ya waye mai dafa mana abinci ya nuna mini sawu, ashe ɓauna ne suka zo kiwo. Ba zan ɓoye miki ba, akwai tsoro. Amma dokar kaɗan ce: kada ki ajiye abinci a tanti ko da biskit ne, ki shigar da takalmi ciki don kura na ɗauka, kada ki fita ke kaɗai da dare, ki rage shan ruwa bayan magariba. Dare na uku barci na yi har da minshari, in ji maigida.

In kuma zuciyarki ta ƙi, akwai tanti irin na masu hali, babba kamar ɗaki, da gado da banɗaki a ciki, da mai gadi da ke rako ki wajen cin abinci. Sai dai kuɗinsa ya ninka.

Likitan_Dabbobi:
Maman Ihsan ta yi daidai da ta koma ciki. Mutane kura da zaki suke tsoro, alhali ɓauna da dorina da giwa sun fi saurin illata mutum a ƙasa. Dabba na ɗaukar tanti a rufe kamar dutse ko suri, ba ta ganin mutum a ciki. Haka mota ma. Matsala na zuwa ne in ka fito, ko ka miƙe ka zuro rabin jiki kana ɗaga hannu. Dorina kuma da dare take fitowa kiwo, tana yin nisa da ruwa, kuma duk ƙibarta ta fi mutum gudu. In sansaninku na bakin kogi ne, kada a shiga tsakaninta da ruwa.

Gwanin_Lissafi:
Kuna ta labarin kura, ba wanda ya yi maganar kuɗi. Baban Walid, ka nemi su rarrabe maka farashin. A Tanzaniya kuɗin shiga Serengeti na awa 24 ne ga kowane babba, kuma da dala ake biya, ya haura 80 a yawancin watanni in an haɗa da haraji. Rangwamen da ake yi na 'yan ƙasashen Gabashin Afirka ne, zama ɗan Afirka kawai ba ya sa ka same shi. Abin da mutane ba sa lura da shi: hanyar mota zuwa Serengeti ta cikin yankin Ngorongoro ta bi, kuma sai an biya kuɗin yankin ko da wucewa kawai za a yi, zuwa da dawowa. Gangarawa cikin ramin Ngorongoro, wato ƙaton kwarin tsohon dutse mai aman wuta, kuma akwai kuɗin mota daban, kusan dala 300 kowace sauka. Shi ya sa masu wayo ke jera tafiyar ta yadda ranar dawowa daga Serengeti za ta haɗu da ranar shiga ramin a tikiti ɗaya. Masai Mara kuma tun 2024 suka mayar da kuɗin shigar babba dala 200 a wuni daga Yuli zuwa Disamba, 100 a sauran watanni. Ku uku ne, ko da yake na yaro bai kai haka ba. Ninka ka gani ko kwana ɗaya da rabi a can ya cancanci wannan.

Baban_Walid:
Allah ya saka, wannan lissafin ban yi shi ba. Watan Agusta nake tunani saboda hutun yaro, amma zan iya matsawa zuwa Fabrairu in ya fi.

Mai_Jakar_Baya:
To yanzu ka zo inda ya kamata ka fara. Wata shi ke zaɓa maka wuri. Garken nyumbu, dabbar nan mai gemu da ƙaho kamar saniya, wadda ta haura miliyan ɗaya, zagaye take yi duk shekara tana bin ruwan sama, tare da jakunan dawa dubu ɗaruruwa. Daga Janairu zuwa Maris suna kudu, wajen Ndutu, suna haihuwa. Wajen Yuni suna yamma, gefen kogin Grumeti. Daga Yuli zuwa Oktoba suna arewa suna tsallake kogin Mara. In Agusta ne, arewacin Serengeti za ka nufa, wajen Kogatende, kuma kogin Mara ɗin nan da ake zuwa Kenya dominsa yana ratsawa ta nan ma. Ba sai ka tsallaka iyaka ba. Afrilu da Mayu damina ce sosai, farashi na sauka amma mota na kafewa.

Hajiya_Mai_Hoto:
Ni Fabrairu zan zaɓa sau goma. Ndutu na kusa, an rage tafiyar mota. 'Yan maruƙa ko'ina, cikin 'yan makonni ake haifar ɗaruruwan dubbai. A gabana wata ta haihu a tsaye, ɗan ya faɗo jiƙe sharkaf, ya yunƙura ya faɗi, ya sake ya faɗi, kafin in gama sauya batirin kyamara yana bin uwarsa da gudu. Kuma inda jarirai suke nan masu farauta suke.

Ɗan_Kogi:
Duk wanda bai ga tsallake kogi ba bai ga komai ba, Hajiya ki yi haƙuri. Amma a faɗa wa Baban Walid gaskiya: ba a ba da tabbaci. Mun yi awa biyar a bakin kogi. Garken ya taru, ya cika gaɓa, ƙura ta tashi, na gaba ya sunkuya ya shinshina ruwa, sai kawai ya juya, duk suka bi shi suka koma daji. Sau uku suna mana haka. Rana ta biyu muna cin abincin rana a mota, ba zato, ɗaya ya yi tsalle. Shi ke nan. Kamar an ɓalle dam. Kuka, ƙura, ruwa ya koma ruwan ƙasa, kada na bin gefe a hankali kamar gungume. Minti ashirin aka gama. Wanda ya ware wa arewa wuni ɗaya kacal, caca ya yi.

Uwar_Marayu:
Ni abin da na gani a bakin kogin nan ɓata mini rai ya yi. Motoci sun fi hamsin, kowa na ƙoƙarin shiga gaba. Da dabbobin suka fara sauka sai direbobi suka taka wuta a guje suka toshe inda za su fito a ɗaya gaɓar. Wasu suka juya tsakiyar ruwa. Namu direban ma ya so ya kutsa, na ce masa wallahi in ya matsa ba zai ga ko sisi na tukwici daga hannuna ba. Mu baƙi mu ke jawo wannan, mu ke matsa musu lamba don hoto. Don Allah duk wanda zai je ya gaya wa direbansa tun ranar farko cewa ba ya son a sauka daga hanya, ba ya son a kewaye dabba.

Sarkin_Sauri:
Kin ga ni da ba na daɗewa a wuri ban takura wa kowace dabba ba.

Uwar_Marayu:
Ɗana, kai ne ma irin masu ce wa direba yi sauri mu ga zaki kafin azahar.

Ɗan_Autan_Zaure:
Tambaya daga gefe, ku yi haƙuri. Wai me ake nufi da manyan biyar ɗin nan da kowane kamfani ke tallatawa? Na ga ba dorina ba raƙumin dawa, alhali sun fi damisa girma.

Malam_Tarihi:
Ba girman jiki ba ne, auta. Maharban Turawa ne suka sa sunan, dabbobi biyar da suka fi haɗari in ana farautarsu a ƙafa: zaki, damisa, giwa, ɓauna, karkanda. Masu talla suka gaje shi. Kalmar safari ɗin ma ta Suwahili ce, tafiya kawai take nufi, daga Larabci, tushe ɗaya da safara tamu.

Tunda na shigo bari in ƙara. Serengeti ta zama gandun ƙasa a 1951, faɗinta kusan murabba'in kilomita 14,750, Masai Mara kuwa 1,500 da ɗoriya, wato kusan kashi ɗaya cikin goma. Garken nan da kuke magana ba haka yake da yawa ba a da. Annobar bushiya, cutar shanu da ta shigo a ƙarshen ƙarni na 19, ta riƙa kashe su, har a farkon shekarun 1960 ba su wuce dubu ɗari biyu da wani abu ba. Da aka yi wa shanun kewaye rigakafi cutar ta ɓace a daji, kafin ƙarshen shekarun 1970 sun haura miliyan. Sannan a kan hanyarku tsakanin Ngorongoro da Serengeti akwai kwazazzabon Olduvai, inda mai bincike Mary Leakey ta tono wani ƙoƙon kai mai daɗaɗɗen tarihi na dangin ɗan Adam a 1959. Akwai ƙaramin gidan tarihi. Yaro mai shekara 11 zai ji daɗinsa, awa ɗaya ta isa.

Mai_Gaskiya_Ɗaci:
Malam ka ba da rabin tarihi. A 1959 ɗin da ka ambata aka fitar da Masai, makiyayan yankin, daga Serengeti aka ce su zauna a Ngorongoro da shanunsu. Yau kuma ana matsa musu su bar Ngorongoro ɗin su koma Msomera, can wajen Handeni. A 2022 duniya ta ga rikicin da aka yi da Masai a Loliondo, gefen Serengeti, kan shata iyaka. Filin da ake nuna muku a ce ba kowa sai dabbobi, da mutane a ciki. Ban ce kada a je ba. Amma a san ƙasar wa ake takawa.

Malam_Tarihi:
Ban musa ba, kuma ba Tanzaniya kaɗai ba. A dajin Kruger na Afirka ta Kudu ma an kori al'ummar Makuleke daga Pafuri a 1969, sai 1998 aka mayar musu da mallakar ƙasar, suka zaɓi a ci gaba da kiyaye ta suna karɓar kuɗin masaukai. A kewayen Masai Mara kuma akwai filayen da masu ƙasa Masai suka ba da haya ana kiyaye dabbobi, ana biyansu, kuma ana ƙayyade yawan motoci. Wanda abin ya dame shi zai iya zaɓar irin waɗannan.

Mai_Gaskiya_Ɗaci:
Hayar nawa ke isa hannun mai saniya goma? Wannan ita ce tambayar. Amma na bar ta nan kada in karkatar da zancen Baban Walid.

Direban_Kaina:
An ambaci Kruger, to bari in sa baki. Baban Walid, ka taɓa tunanin Afirka ta Kudu? Matsalolinka biyu duk ta warware su. Na farko, sansanonin kwana kamar Skukuza da Satara da Lower Sabie duk da katangar waya, da ɗakuna, da kanti, da gidan mai. Uwargida za ta yi barci. Na biyu, kai za ka tuƙa da kanka, ƙaramar motar haya ma ta isa don manyan hanyoyin kwalta ne. Dajin ya kai kusan kilomita 360 daga kudu zuwa arewa, ka yi kwana bakwai ba ka fita ba kuma ba ka maimaita hanya ba. Gudu kilomita 50 a kwalta, 40 a burji, ba a fita daga mota sai inda aka yarda, kuma ana rufe ƙofar sansani da faɗuwar rana, wanda ya makara ana iya cin tararsa. Na kusa shiga wannan. Wani toron giwa ya tsaya tsakiyar hanya saura minti ashirin a rufe, yana karya reshe yana ci ba ruwansa. Na matsa kaɗan, ya baza kunnuwa ya juyo. Ban san na iya ribas haka ba sai ranar. A hagu ake tuƙi, a kiyaye.

Hajiya_Mai_Hoto:
Kruger na da daɗi amma daji ne mai duhuwa, kuma ba ka da idon direban da ya shekara goma sha biyar yana wannan aiki. Damisata ta sama, da ni ke tuƙi da na wuce ta. Su suna karanta sawu, suna sauraron kukan birai da tsuntsaye, suna magana da juna ta rediyo.

Ɗan_Kogi:
Rediyon nan ya taɓa ba ni kunya. Direba ya ji wani abu ya juyo da murna yana cewa duma, duma! Ni kuwa na fara leƙen ƙasa ina neman inda duma ya yi yaɗo a wannan daji. Ashe da Suwahili sunan dabbar nan ce siririya mai kama da damisa, mai baƙin layi daga ido zuwa baki kamar hawaye, wadda ta fi kowace dabba gudu a ƙasa. Har muka rabu yana kirana Duma.

Likitan_Dabbobi:
Kafin a manta da lafiya. Ku tafi da katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa, ana tambayarsa a filin jirgi ga wanda ya fito daga ƙasar da cutar take. Ku ga likita kan maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro, har da na yaron, kada a ce ai mun saba. A Tarangire da wasu sassan Serengeti akwai ƙudan tsando, cizonsa kamar allura, yana huda riga. Baƙi da shuɗi mai duhu yake bi, shi ya sa za ku ga an rataya tutoci masu waɗannan launuka a bishiyoyi, tarko ne mai magani. Ku sa kaya masu launin ƙasa. Kada kuma a sa masu zanen kakin soja, ƙasashe da yawa ba sa so.

Maman_Ihsan:
A ƙara da rigar sanyi mai kauri. Ba wanda ya gaya mini. Bakin ramin Ngorongoro ya haura mita 2,000 a sama, da asuba haƙorana har haɗuwa suke, ga hazo ba ka ganin tantin maƙwabci. Kuma leda an hana shiga da ita Tanzaniya tun 2019, Kenya ma tun kafin nan, ku zuba kaya a jakar yadi.

Sarkin_Sauri:
Duk abin da za ka yanke, Ngorongoro kada ka yanke. Zurfinsa kusan mita 600, ƙasan kuma murabba'in kilomita 260, kamar an kifa ƙwarya an buɗe an zuba dabbobi. Nan kaɗai na ga karkanda, ko da yake daga nesa, sai da madubin hangen nesa, kamar dutse mai tafiya. Raƙumin dawa dai babu a ciki. Gargaɗi ɗaya: a wurin cin abinci na bakin tafkin dorina, ku ci a cikin mota. Na fito ina taƙama da cinyar kaza a hannu, ban ga komai ba sai iska a fuskata, shirwa ta tafi da ita ta bar mini ƙarzuwa a yatsa.

Malama_Rabi'a_Firamare:
Ni yaron nake tunani. Shekara 11, awa takwas a mota, kwana bakwai a jere. Rana ta farko zai yi ihu in ya ga jakin dawa, rana ta uku ko ɗaga kai ba zai yi ba. Ku saya masa madubin hangen nesa nasa shi kaɗai, da littafin tsuntsaye da dabbobi mai hotuna, ya riƙa yin alama. Ku bar shi ya zauna kusa da direba yana tambaya. Sannan ku sani zaki barci yake yi mafi yawan wuni, kada yaro ya zaci abin da yake gani a talabijin zai tarar kowace kwana. Fita biyu ta fi: asuba zuwa hantsi, a dawo a huta, sai la'asar zuwa magariba. Wannan kuwa ba ya yiwuwa sai kuna kwana biyu ko uku a wuri ɗaya.

Gwanin_Lissafi:
Akwai tsaka-tsaki. Ku tafi da mota kuna tsayawa, ku dawo da ƙaramin jirgi daga Seronera ko Kogatende zuwa Arusha. Kun ceci wuni guda da kuɗin wucewa Ngorongoro na biyu. Sai dai kaya kilo 15 ne kowane mutum, a jaka mai laushi, ba akwati ba. A sanar da uwargida da wuri.

Baban_Walid:
Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na rubuta wa kamfanin na ce a cire Kenya da Manyara, a ba ni farashi biyu, ɗaya na Fabrairu da Ndutu, ɗaya na Agusta da arewa, kowanne da dawowa ta jirgi. Sun amsa cewa Manyara ai a kan hanya take, rabin wuni ne kawai, kuma akwai zakuna masu hawa bishiya. Yanzu kuma na fara lilo. Maman Walid ta karanta saƙon Maman Ihsan har sau biyu, ta ce idanu shidan nan sun ƙara tabbatar mata. Ta kuma ga maganar Direban_Kaina ta katangar waya, tun jiya take tambayata Kruger.

Mai_Jakar_Baya:
Zakunan Manyara na hawa bishiya, gaskiya ne, amma na shiga sau biyu ban gansu ba, a Seronera na ga ɗaya a kan reshe. Rabin wunin nan ka ƙara wa Tarangire.

Sarkin_Sauri:
Ka shiga Manyara Alhaji. Ƙofar tana bakin titi, za ka wuce ta ko ka so ko ka ƙi.

Direban_Kaina:
Gaya wa Hajiya in Kruger ne Agusta ya yi daidai, rani ne a can, ciyawa ta kwanta, dabbobi na taruwa a bakin ruwa. Amma ɗakunan Lower Sabie na cika tun watanni da yawa kafin lokaci, in da gaske take ku duba yau.

Maman_Ihsan:
Haba Maman Walid, ɓauna ne fa kawai, kuma ko kallona ba su yi ba. Turo mini saƙo ta gefe mu yi magana.